Daga Maimalari zuwa Gwoza: abin da ya sami Runduna ta 7 a 2014

Ranar 14 ga Mayu, 2014, aka shigo da gawarwakin sojoji barikin Maimalari da ke Maiduguri. Kwanton ɓauna 'yan Boko Haram suka yi musu suna dawowa daga yankin Chibok, inda wata ɗaya kafin nan aka kwashe 'yan mata 276 daga makaranta. Hedikwatar tsaro ta ce sojoji huɗu aka kashe, waɗanda ke cikin barikin kuwa sun shaida wa 'yan jarida cewa sun fi haka. Labarin da ya bazu tsakanin ƙananan sojoji shi ne, mamatan sun roƙi a bar su su kwana inda dare ya riske su saboda sun san halin hanyar, aka ce musu su taho. Da babban kwamandan Runduna ta 7, Manjo Janar Ahmadu Mohammed, ya zo yi wa sojoji jawabi, sai wasu suka buɗe wa motarsa wuta. Ya tsira da ransa, amma nan da nan aka ɗauke shi daga kujerar.

Soja ya harbi janar ɗinsa babban laifi ne a kowace runduna a duniya, kuma ba wanke masu laifin nake nema ba. Sai dai duk mai son ya gane yadda Gwoza da Bama da Mubi da Baga suka faɗa hannun Boko Haram cikin wata takwas bayan wannan rana, daga Maimalari ya kamata ya fara. A nan rashin shiri da rashin kayan aiki suka fito fili, tare da al'adar da ta hana maganar na ƙasa isa kunnen na sama. Ni a ganina wannan al'adar ce ta sa sauran matsalolin suka daɗe ba a magance su ba, har sai da aka rasa garuruwa.

An shirya wa wani yaƙi, wani ya zo

Runduna ta 7 ba ta cika shekara ba a lokacin. An kafa wannan runduna ta sojan ƙasan Najeriya a Maiduguri a Agustan 2013, wata uku bayan Shugaba Goodluck Jonathan ya sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, ta gaji aikin rundunar haɗin gwiwa ta JTF. A tsakiyar wannan shekarar, sojoji da matasan Maiduguri da aka fi sani da 'yan ƙato da gora sun fatattaki 'yan ƙungiyar daga unguwannin birnin. Nasara ce ta gaske, amma ta sauya kamannin yaƙin. A da, mutum biyu ne kan babur, su harbi ɗan sanda ko mai unguwa su ɓace a lungu. Da suka koma dajin Sambisa da duwatsun Gwoza, sai suka fara fitowa da ɗaruruwan mayaƙa da jerin motoci, suna afka wa barikin soja kai tsaye. A Disamban 2013 sun shiga sansanin sojan sama na Maiduguri sun ƙona jirage. A ranar 14 ga Maris, 2014 sun fasa barikin Giwa da safe, sun saki tsararru. Rundunar kuwa tana nan da tsarin da ta saba: shingen bincike a bakin gari, buhunan yashi, sojoji kaɗan-kaɗan an warwatsa su a ƙauyuka.

Sojan Najeriya ba baƙon yaƙi ba ne. Ya yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, ya yi Laberiya da Saliyo a ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, ya je Darfur. Amma shekarun mulkin soja sun cinye shi ta ciki, domin shugaban da ya hau mulki da juyin mulki ba abin da yake tsoro kamar bataliya mai ƙarfi da atisaye. Bayan 1999 kuma aka mai da soja ɗan sanda: gadin zaɓe, rikicin Jos, bututun mai a Neja Delta. Manyan kayan yaƙin da ake taƙama da su, irin tankokin Vickers da jiragen Alpha Jet, tun shekarun 1980 aka saye su. Masana'antar makamai ta DICON da ke Kaduna, wadda aka kafa tun 1964, ba ta kai matsayin wadatar da runduna mai yaƙi ba.

Ƙasar ma ba ta sauƙaƙa ba. Borno ta kai murabba'in kilomita 70,000, kuma manyan hanyoyin da ke fita daga Maiduguri 'yan kaɗan ne: ta Konduga zuwa Bama da Gwoza, ta Dikwa zuwa Gamboru, ta Monguno zuwa Baga, ta Damboa zuwa Biu, sai ta Damaturu. Wanda ya san waɗannan hanyoyi ya san inda ayarin soja zai bi. Da damina kuma ƙasar firgi ta wajen Dikwa da Ngala da Marte ba ta ɗaukar mota mai nauyi, alhali babur yana ratsa ta.

A bakin shinge

Maganar kayan aiki ta fi fitowa idan aka tsaya inda ƙaramin soja yake tsaye. Yana bayan buhunan yashi a mashigar gari, riƙe da AK-47. Wannan bindiga tana cin mutum da kyau a tazarar mita 300 zuwa 400. Maharan kan zo da asuba ko gab da magariba, da motocin Hilux da aka girke wa bindigar kakkaɓo jirgin sama a baya, wadda sojoji ke kira AA. Ita tana isa daga nisan fiye da kilomita ɗaya, kuma harsashinta yana fasa katangar ƙasa. Wato ana harbinsa tun daga inda shi ba zai iya ramawa ba. Kafin ya ankara masu babura sun zagayo ta gefe da roka. Abin da zai cece shi a wannan hali shi ne igwa a bayansa, ko motar sulke mai lafiya, ko jirgin sama da zai iso kafin harsashinsa ya ƙare. Sojoji da yawa sun faɗa wa 'yan jarida a waccan shekara, ba tare da yarda a ambaci sunansu ba, cewa harsasan da ake ba su ba sa kai su ko'ina, motocin sulke na mutuwa a hanya, kuma agaji ba ya zuwa sai an gama.

Akwai kuma sadarwa. Tun 2012 'yan ƙungiyar ke ƙona turakun wayar salula, sannan a Mayun 2013 hukuma da kanta ta katse layukan waya a jihohin uku, na Borno ya yi watanni a rufe. An yi haka ne don a hana maharan haɗa kai, amma ɗan ƙauyen da ya hango ayarin motoci na tafe shi ma ya rasa hanyar sanar da kowa.

Duk sansanin da ya faɗi kuma, kayansa na komawa hannun abokin gaba. Motocin sulke da manyan bindigogin da aka riƙa gani a bidiyon ƙungiyar, da yawansu na sojan Najeriya ne. Warwatsa sojoji a ƙananan sansanonin da ba za a iya kai musu ɗauki ba ya zama hanyar da Boko Haram ke samun makamai.

Ba a ce babu kuɗi ba. Kason tsaro a kasafin 2014 ya kusa naira tiriliyan ɗaya, ko da yake har da 'yan sanda da sauran hukumomi a ciki, kuma mafi yawansa albashi ne da hidimar yau da kullum. A Yulin shekarar Jonathan ya nemi majalisa ta amince a ciyo bashin dala biliyan ɗaya don sayen makamai. A Satumba hukumomin Afirka ta Kudu suka kama tsabar kuɗi dala miliyan 9.3 a wani jirgi da ya sauka filin Lanseria, gwamnatin Najeriya ta ce na sayen makamai ne. Amurka ta hana a sayar wa Najeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra daga Isra'ila, tana kafa hujja da zargin take haƙƙin ɗan Adam da kuma shakkar iya kula da jiragen. Daga baya, a 2015, kwamitin da Shugaba Muhammadu Buhari ya kafa ya yi zargin karkatar da fiye da dala biliyan 2 ta ofishin mai ba da shawara kan tsaro, Sambo Dasuki, wanda ya musanta zargin.

Bi umarni tukuna

A Fabrairun 2014, Gwamnan Borno na lokacin, Kashim Shettima, ya fito daga fadar shugaban ƙasa ya faɗa wa 'yan jarida cewa 'yan Boko Haram sun fi sojojinmu makamai da ƙwarin gwiwa. Maimakon a bincika, sai aka ɗauki maganar a matsayin cin fuska. Jonathan ya mayar da martani cewa idan ya janye sojoji daga Borno na wata ɗaya za a gani ko gwamnan zai iya zama a gidan gwamnati. Idan gwamnan jiha ya sha wannan amsa, ina ga kofur?

Tun daga makarantar kurata ta Zariya ake koya wa soja cewa ya bi umarni tukuna, ƙorafi daga baya. Wannan ƙa'ida tana da amfaninta, babu rundunar da za ta tsaya ba tare da ita ba. Amma tana da sharaɗi: dole a sami ƙofar da ƙorafin zai bi bayan an bi umarnin, kuma dole na sama ya riƙe nasa alƙawarin, ya ba da harsashi da abinci da alawus, ya kwashe wanda aka raunata, ya sauya wanda ya gaji. A 2014 an riƙe rabin farko da ƙarfi, an saki na biyun. Kwamandan bataliya da ya rubuta cewa ba zai iya riƙe gari da abin da ke hannunsa ba yana jin tsoron a kira shi matsoraci. Don haka rahoton da ke hawa sama yana yin kyau a kowane mataki, kafin ya kai Abuja ya zama labarin nasara.

Jama'a sun ga wannan da idonsu. Kwana biyu bayan sace 'yan matan Chibok, hedikwatar tsaro ta ba da sanarwar cewa an kuɓutar da su duka in ban da takwas. Iyaye da shugabar makarantar suka ƙaryata, aka janye maganar. Amnesty International ta ce sojoji sun sami gargaɗi sa'o'i huɗu kafin harin amma ba a iya tara dakarun da za a tura ba, aka bar sojojin da ba su kai 20 ba a garin. Hukumar soja ta musanta. A ƙarshen Agusta, sojoji kusan 480 suka tsallaka Kamaru bayan faɗan Gamboru Ngala, sojan Kamaru ya karɓe makamansu ya sauke su a Maroua, hedikwatar tsaro ta ce dabarar yaƙi ce. Ranar 17 ga Oktoba babban hafsan tsaro, Alex Badeh, ya sanar da tsagaita wuta. Kwana 12 bayan nan Mubi ta faɗi, aka sauya mata suna zuwa Madinatul Islam, maharan suka shiga har Vimtim, mahaifar shi Badeh ɗin.

Al'ada ta biyu ta fi wannan muni, ita ce yadda aka ɗauki mutanen gari. Yaƙi da 'yan tada ƙayar baya yaƙin labari ne, wanda jama'a ke faɗa wa gaskiya shi ke gaba. Yawancin sojojin da aka kawo ba sa jin Kanuri, wasu ko Hausa ba sa ji, kuma ba sa iya bambanta ɗan Boko Haram da manomi. Sai aka koma kame na kan mai uwa da wabi: a kewaye unguwa bayan hari, a kwashe samari. A Afrilun 2013, bayan an kashe soja ɗaya a Baga, hotunan tauraron ɗan Adam da Human Rights Watch ta fitar sun nuna gine-gine fiye da 2,000 a ƙone. Amnesty ta ce an kashe fiye da mutum 600 cikin tsararrun da aka sake kamawa bayan fasa barikin Giwa, kuma a rahotonta na Yunin 2015 ta ce sama da mutum 7,000 sun mutu a tsare a hannun soja tun 2011. Hukumar soja ta yi watsi da rahoton. Ko wane adadi mutum ya yarda da shi, uwar da aka tafi da ɗanta bai dawo ba ba za ta zo shinge ta ce ta ga baƙin fuska a rijiya ba. Kuma wannan zargin ne ya ba Amurka hujjar hana makamai, wato abin da aka yi wa farar hula ya dawo ya rage wa sojan kansa kayan faɗa.

A Agusta abin ya kai matan sojoji sun tare ƙofar bariki a Maiduguri, suna ƙona tayoyi, sun ce ba za a kai mazajensu Gwoza ba sai da makaman kirki. Gwoza ta riga ta faɗi ranar 6 ga watan, kuma kafin watan ya ƙare shugaban Boko Haram, Abubakar Shekau, ya fito a bidiyo yana shelar daula. Bama ta bi a farkon Satumba. A Konduga ne sojoji suka tsaya da ƙafarsu a watan, suka karya hare-hare a jere, suka hana a ƙarasa Maiduguri. Mubi kuwa, maharba da 'yan banga na cikin waɗanda suka taimaka aka ƙwato ta a Nuwamba, mutanen da makaminsu bai kai na soja ba amma sun san kowace kwana ta dajin.

Kotun soja

Amsar da manya suka bayar ita ce shari'a. A tsakiyar Satumban 2014 kotun soja a Abuja ta yanke wa sojoji 12 hukuncin kisa kan abin da ya faru a Maimalari. A Disamba aka yanke wa wasu 54 na Bataliya ta 111 irin wannan hukunci, saboda sun ƙi fita aikin ƙwato Delwa da Bulabulin da Damboa a watan Agusta. Lauyansu, Femi Falana, ya ce makonni kaɗan kafin nan an yi wa bataliyar kwanton ɓauna ta rasa fiye da mutum 20, kuma abin da suka nema kawai shi ne a ba su kayan aiki kafin su koma. An kori wasu dubbai daga aiki bisa zargin gudu daga fagen daga. Da Baga ta faɗi ranar 3 ga Janairu, 2015, kwamandan sansanin, Birgediya Janar Enitan Ransome-Kuti, shi ma ya gurfana.

Shari'ar 54 ɗin ce ta fi tsaya mini a rai, saboda abin da ya biyo baya. A ƙarshen Yulin 2015, a bikin sallamarsa daga aiki, Alex Badeh ya faɗa da bakinsa cewa ya shugabanci rundunar da ba ta da kayan aikin da suka dace, ba ta kuma da ƙwarin gwiwar yaƙi. Maganar da gwamna ya faɗa aka yi masa ca, wadda ƙananan sojoji suka faɗa aka yanke musu hukuncin kisa, ita ce babban hafsan tsaro ya maimaita bayan ya sauka. Ya san haka tun yana kan kujera. A 2015 aka mayar da sojoji fiye da 3,000 bakin aiki bayan sake duba shari'arsu, kuma a Disamban shekarar aka sassauta wa 66 hukuncin kisa zuwa ɗaurin shekara 10.

Mako shida

Ranar 7 ga Fabrairu, 2015 aka ɗage zaɓe daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, aka ce soja na bukatar mako shida. Mutane da yawa sun ɗauka siyasa ce kawai. Amma Monguno ta dawo a tsakiyar Fabrairu, Baga ranar 21 ga watan, Bama a tsakiyar Maris, Gwoza ranar 27 ga Maris, jajibirin zaɓe.

Abin da ya sauya a bayyane yake. Tankokin T-72 da motoci masu jure nakiya da jirage masu saukar ungulu sun iso. An ɗauko hayar kamfanin STTEP na Eeben Barlow, tsohon sojan Afirka ta Kudu, ya horar da wata runduna ta musamman mai saurin motsi, wadda ke bin sawun mahara ba tare da ba su sararin hutawa ba, maimakon zaman jira a shinge. Sojojin Chadi sun tsallako ta Gamboru a farkon Fabrairu suka wuce Dikwa, sannan su da na Nijar suka karɓe Damasak. 'Yan Chadi sun zo da salon da suka gada tun yaƙinsu da Libiya a 1987: Toyota da manyan bindigogi, gudu, da hafsoshi a sahun gaba. Wato sun yi wa Boko Haram irin yaƙinta.

Sojojin Najeriya da suka shiga Bama da Gwoza kuwa daga rundunar da aka kira ta matsorata wata shida baya suka fito. A cikinsu aka san Muhammad Abu Ali, hafsan tankoki da ya yi suna a ƙwato Baga, wanda sojojinsa ke ƙauna saboda yana shiga gaba tare da su. An ƙara masa girma zuwa Laftanar Kanar a fagen daga a 2015, ya rasu a Malam Fatori a Nuwamban 2016.

Buhari ya mayar da cibiyar ba da umarni Maiduguri, Tukur Buratai ya karɓi ragamar sojan ƙasa a Yulin 2015, aka raɗa wa aikin suna Lafiya Dole. Kusantar da manya ga fagen daga gyara ne na gaske. Amma sayen kaya ya fi sauya hali sauƙi. Da aka ƙwato garuruwa sai aka sake warwatsa bataliyoyi don riƙe su, aka koma zaman jira. A Agustan 2018 sojoji suka yi ta harbi sama a filin jirgin Maiduguri, sun ƙi a kai su Marte, suna cewa sun shekara da shekaru a fagen daga ba a sauya su ba. Ranar 18 ga Nuwamba na shekarar, ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, ya afka wa Bataliya ta 157 a Metele, aka kashe kwamandanta, Laftanar Kanar Ibrahim Sakaba. Hukumar soja ta ce mutum 23 ta rasa, wasu rahotanni suka ce sun kai 100. Waɗanda suka tsira sun ɗauki bidiyon tankokin da suka ƙone suna cewa tsofaffi ne, ba sa aiki, suka watsa a intanet, domin har lokacin ba su ga wata ƙofa a cikin gida da maganarsu za ta bi ba.

A 2019 aka janye sojoji daga ƙananan sansanoni aka tara su a manya masu ganuwa da rami. Ƙwace sansani da kwasar makamai ya ragu, amma ƙauyuka da hanyoyin da ke tsakanin sansanonin sun zama babu mai tsaronsu. A Nuwamban 2020 aka yi wa manoman shinkafa na Zabarmari yankan rago a gonakin Koshebe, aka binne 43 a rana ɗaya, kuma wurin bai da nisa da Maiduguri.